Wanda Ya Ari Muryar Mai Agogo

Ranar da rediyo ya cinye kaset ɗin, Gwaggo ba ta yi ihu ba, don ba halinta ba ne. Ta dai zauna a bakin ƙofar ɗakinta da rediyon a cinya, zaren kaset ɗin ya zubo ya nannaɗe mata yatsu kamar hanjin kaza, tana kallonsa tana salati a hankali. A haka sabon ɗan hayan da ya kama ɗakin kusa da famfo ya fito da buta ya same ta.

Ya ajiye butar. Bai tambaye ta abin da ke cikin kaset ɗin ba. Ya koma ɗaki ya fito da reza da biro da salatif, ya durƙusa a gabanta, ya yi ta warware zaren daga cikin rediyon da bakin allura. Wani wuri mai tsawon ɗan yatsa ya taunu ƙwarai, ya yanke shi, ya haɗa bakunan biyu ya liƙe, ya zura biro a ramin kaset ɗin ya yi ta juyawa har zaren ya koma gidansa.

"Wa-wannan ya tafi, Gwaggo," in ji shi. "Sa-sauran yana nan."

Guntun da ya yanke kuwa bai jefar ba. Ya ɗora mata a tafin hannu. Wannan ne ya sa ta ɗago ta dubi fuskarsa: siririn mutum ne da zai kai shekara arba'in, mai dogon wuya, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka ko bai yi magana ba.

Kaset ɗin na mijinta ne, Mai Agogo, wanda ya rasu shekara shida kafin wannan rana. A can shekarun baya aikin gyaran agogo ya taɓa kai shi wani gari har wata takwas. Da yake ya san karatunta ba mai nisa ba ne, bai rubuto wasiƙa ba, sai ya ɗauki maganarsa a kaset ya aiko da direba. Minti ashirin ne. Yana ba ta labarin teburin da aka ba shi mai ƙafa ɗaya gajeriya, da ruwan garin mai gishiri-gishiri, da gargaɗin kada 'yarsu Auta ta taɓa ƙananan sukudirebobinsa. Kafin ya fara kowace magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Iska tana fita ta wushiryarsa, ta sa masa ɗan fito a bakin wasu kalmomi. Kuma yakan tsaya a tsakiyar zance, shiru, kamar yadda yake ɗauke numfashi idan ya ɗauko 'yar mitsitsiyar ƙusa da hantsaki. A ƙarshe ya ce, "Kada ki sa sakata da wuri, ina nan tafe." Duk Juma'a bayan la'asar Gwaggo takan kunna, ta ji, ta yi masa addu'a, ta mayar cikin akwati.

Shi kuwa ɗan hayan, kowa Aku yake ce masa, kuma bai taɓa jin haushi ba. A bayan shagon gyaran rediyo aka haife shi. Yana da in'ina tun tasowa, mahaifinsa kuma mutum ne mai gajen haƙuri, kafin ya kai rabin magana an ƙarasa masa, ko da ba abin da zai faɗa ke nan ba. A nan cikin rediyoyin mutane ya gano wani abu: idan ya ari muryar mai karanta labarai, harshensa ba ya sarƙewa ko kaɗan. Daga nan ya shiga ara. Makaranta ma a kan haka ya bar ta, ranar da ya laɓe bayan taga ya sallami aji uku da muryar hedimasta. Ya yi kwandastanci. Ya yi tallar maganin basir a tasha da lasifika, shi ne mai magani, shi ne maras lafiya, shi ne kuma surukar maras lafiyan da ke cewa a ƙaro kwalba biyu. Ya taɓa aure. Matar ta zauna shekara biyu ta tafi, ta ce ita ta gaji, duk ranar da zai gaya mata magana mai daɗi sai ya gaya mata da muryar wani, har ba ta san wa take aure ba.

A tashar ne wani Mai Situdiyo ya ji shi ya ɗauke shi aiki. Sana'arsu ita ce juya finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Aikin yana da doka guda wadda Aku ya taɓa yi wa Gwaggo bayaninta yana wanke takalmi a bakin famfo: dole maganarka ta dace da leɓen ɗan fim. Ya buɗe baki, ka fara; ya rufe, ka tsaya, ko da zancenka bai ƙare ba. Don haka takan gan shi da hantsi zaune gaban fasasshen madubi yana motsa baki, yana cire kalma yana sa wata.

"Yau kuma wa ya kwana a ɗakin naka?" takan ce idan ta fito shanya. "Na ji wata tsohuwa tana faɗa da wani sarki."

"Du-duk 'yan haya ne, Gwaggo. Ba sa bi-biyan ko sisi."

Ba mai yawan dariya ba ce, amma shi yana sa ta. Ita ke ajiye masa mabuɗi. Idan ta dafa ta zuba masa a kwanon marigayi, wanda ko Auta ba ta yarda ta ci a ciki. Shi kuma yana sayo mata batir ba tare da ta aike shi ba. Matan gidan har suna tsokanarta, wai Allah ya ba ta ɗa da tsufa, ɗa mai baki tara.

Sai da suka shekara a haka sannan wata Juma'a ya tambaye ta abin da ke jikin guntun da ya yanke. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Marigayi ba mutum ba ne mai faɗin abin da ke ransa. A duk zamansu sau ɗaya ya faɗa, kuma a nan ne rediyo ya tauna. Ta ce da shi, ba tare da ta dube shi ba, "Cewa ya yi, ‘Uwar Auta, ina kewarki.’ Shi ke nan."

Aku ya dubi rediyon. Can ya ce kaset yana tsufa, wata rana zai sake tsinkewa. Ta ba shi ya kai situdiyo ya juye mata a ɗan katin waya, ta riƙa ji a wayarta duk sa'ad da ta so. Ya ce ta haɗa masa da guntun ma, akwai na'urar da ke iya karanta abin da ya lalace. Guntun yana cikin gidan tabaran marigayi. Ta ɗauko ta ba shi.

Kwana tara ya riƙe su. A rana ta goma ya kawo mata kaset ɗinta, ya sa mata katin a waya, ya nuna mata inda za ta danna. Guntun, ya ce, ya narke a cikin na'ura. Ta danna. Aka yi gyaran murya sau biyu, aka yi zancen tebur, aka yi zancen ruwa. Sai ga wurin da ta saba jin ɗan tsalle, ba tsalle. "Uwar Auta, ina kewarki." Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, ya riga ya koma ɗakinsa. A sallar magariba ta sa shi a addu'a, bayan iyayenta da mijinta.

Wata biyar tana jin wurin nan. Ba Juma'a kaɗai ba yanzu. Ta koyi yadda ake mayar da magana baya da babban yatsa.

A cikin watannin ne fim ɗin ya fito. Gwaggo ba ta kallon fim, amma wannan ko kurma ya san da shi. Labarin wani jarumi ne da ke tare jirgin ƙasa da ƙirjinsa, ya tsallake gidan sama kamar kwata. Sai dai ba jarumin ake zance ba. Mugun ake zance, wani Mai Fuskar Tagulla, wanda fuskarsa take rufe ruf, ba baki ba hanci, sai ramukan ido biyu. Matan gidan suna cewa ba a taɓa mugu mai shiga rai kamarsa ba, ba ya ihu, ba ya zagi, amma in ya yi magana sai tsikar jikinka ta tashi. Suna cewa Aku ne ya yi shi. Gwaggo ta ce Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wata Talata ta shiga kasuwa sayen zare. A gefen mai zaren akwai rumfar masu tura finafinai a waya, da babbar lasifika, maza sun yi cincirindo. Tana cikin gwada zare shuɗi da ƙyallen da ta zo da shi, sai aka yi gyaran murya a bayanta. Sau biyu.

Zaren ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta juya. Ba ta ga kowa ba sai bayan mutane da baƙar lasifika. Muryar ta fara magana a hankali, da ɗan fiton nan na wushirya, ta tsaya a tsakiya, shiru. Mazan suka ɗaga yatsa suna jira. Sannan su da lasifikar suka faɗa tare:

"Kada ka sa sakata da wuri. Ina nan tafe."

Aka fashe da dariya, ana tafawa. Wani ya ce, "Kai, shegen nan ya iya mugunta! Maimaita mana wurin!"

Mai zare ya ce, "Baba, lafiya? Ko jiri ne?" Ta ce lafiya lau. Ta tafi ba ta ɗauki zaren ba.

Daga ranar kuma sai ta fara jin sa ko'ina, ko kuwa dā ma yana nan, kunnenta ne bai kai ba. Kwandasta yana faɗa wa fasinja. Mahauci yana faɗa wa ɗan'uwansa yana wasa wuƙa. Wayar matar direba da ke ɗakin tsakiya, in an kira ta, gyaran muryar Mai Agogo ne ke tashi, ita kuma ta amsa tana dariya. Auta ta zo daga gidan mijinta idanu jajur, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Inna, kin ji abin da ɗan naki ya yi? 'Ya'yana suna tsoratar da juna da muryar kakansu! Wallahi bari ya dawo, sai na ci masa mutunci a gaban kowa."

"Ba za ki yi ba," in ji Gwaggo. "Kunna min fim ɗin."

Shi ne fim na farko da ta kalla daga farko har ƙarshe, zaune a kan darduma, Auta na riƙe da waya. Ba ta kula da gidajen da ke rushewa ba. Mugun take bi. Ta ga ya riƙe wuyan wani bawan Allah, ya fara magana, ya tsaya a tsakiya, daidai yadda mijinta ke tsayawa da 'yar ƙusa a bakin hantsaki don kada numfashinsa ya hure ta. Sannan ya ƙarasa maganar, ya matse. Mai Agogo kuwa ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kai wa maƙwabci.

Da fim ɗin ya ƙare, wani abu ya faɗo mata a rai wanda ya fi duk abin da ta gani nauyi. Ba ta gaya wa Auta ba.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta tambayi hanya har situdiyon. A saman wani shagon tayoyi yake, matakala ƙunci. Ɗaki ne ba taga, an manne bangon da katifar soso da kwalayen ƙwai, yana warin zufa da turare. Mai Situdiyo, wani ƙato mai fara'a, ya taso da hannu biyu.

"A'a, Hajiya ce da kanta! Ke ce Gwaggon da yake faɗa? Ai ɗanki ya tashi gari! Kwana uku muna fama da mugun nan, ya yi gurnani, ya yi ƙaraji, na ce kai Aku wannan duk tsohon yayi ne. Ga mugu ba leɓe, ba abin da zai ɗaure ka, faɗi abin da ka ga dama! Sai kawai ya zo da wannan muryar. Na ce daga ina? Ya ce daga sama."

Aku yana tsaye a gaban makirfo, abin ji na sawa a kunne rataye a wuya. Maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

"Ina son magana da shi," in ji Gwaggo. Mai Situdiyo ya dubi fuskarta, fara'ar ta ragu, ya fita ya ja ƙofa.

Ba ta zauna ba. "Ban zo kan fim ba tukuna. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka ji tsoron Allah. Na'urar nan da ke karanta abin da ya lalace, nuna min ita."

Ya dubi teburin, ya dubi bango. Sannan ya zaro walat daga aljihu, ya buɗe wata 'yar takarda da aka ninke. Guntun zaren ne a ciki, a tattaune yadda yake tun ranar farko.

"Ba-babu na'ura, Gwaggo."

"To wa ya ce yana kewata?"

Ya ajiye walat ɗin a kan tebur.

"Wata biyar," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Wata biyar ina zaune a ɗaki, ni tsohuwa, ina mayar da maganar ɗan haya baya ina kuka. Ina idar da salla in kunna. Kana wucewa ta ƙofata kana ji."

"Na ga ki-kina so ne. Na ce in ma-mayar miki. Kalma huɗu ce kawai, wa-wallahi sauran duk shi ne."

"Da wane kunne zan tabbatar? Shekara talatin da ɗaya ina aure da mutumin nan, ka shiga tsakiyar maganarsa ka fita ban ji sawunka ba."

Nan ya zauna a ƙasa, ya yi ta bayani, harshe yana sarƙewa. Don ya iya kalma huɗun nan sai da ya kwashe kwana tara yana jin kaset ɗin, har muryar ta zauna masa a wuya ta ƙi fita. Da aka kawo fim ɗin, ya lura mugun ba mahaukaci ba ne, mutum ne mai haƙuri, mai yin komai a tsanake, kuma shi duk cikin muryoyin da ya tara ba mai haƙuri sai guda. Ya ce gwaji kawai ya yi, sau ɗaya, Mai Situdiyo ya buga tebur. Ya ce ya yi nufin gaya mata, kullum sai ya ce gobe. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai yi mata ciwo, yana ganin kamar rarrashi ne:

"Mu-mutane sun fi son sa a kan jarumin, Gwaggo."

"Ni na ce ina neman wanda zai taya ni son sa?"

Ta miƙa hannu. Ya ɗora mata guntun a tafi, karo na biyu. Ta cire katin daga wayarta da farce, ta ajiye masa a kan tebur kusa da makirfo, ta sauko.

Ya roƙi Mai Situdiyo a sake ɗaukar muryar mugun. Mutumin ya ce ko an sake, wa zai bi wayoyin gari ɗaya bayan ɗaya yana gogewa? Da kashi na biyu na fim ɗin ya zo, Aku ya ce shi ba zai yi ba, aka yi ta lallashi, ya ajiye abin ji ya fita, ya koma tasha tallar magani. Wannan Gwaggo ta ji, kuma ba ta ɓoye shi idan ana zancensa, don gaskiya ce. Amma bai gyara komai ba. Suka samo wani ya kwaikwayi Aku yana kwaikwayon Mai Agogo, gyaran muryar ya koma sau uku, fiton ya yi yawa, gari kuma ya karɓa da murna.

Ba ta yi masa fitina ba, ba ta gaya wa matan gida ba. Tana amsa gaisuwarsa, don ba ta ƙaurace wa Musulmi. Ta dai mayar masa da mabuɗinsa, ta wanke kwanon marigayi ta kife a saman kabad.

Juma'a uku ba ta buɗe akwati ba. A ta huɗu ta yi alwala, ta sa batir, ta kunna kaset ɗin na asali, wanda ta san ba hannun kowa a cikinsa sai salatif. Aka yi gyaran murya sau biyu. Ta runtse ido tana neman fuskarsa, da tabarau a kan hanci da tabon wuta a haɓa. Fuskar tagulla ta gani, da ramukan ido biyu. Ta daure har zancen ruwa mai gishiri. Da ya tsaya a tsakiyar magana, ta ji tana jiran a matse wuyan wani. Ta kashe kafin a zo ga sakata. Tun tana yi duk mako har ta koma sai an ga wata. Har yanzu ba ta kai ƙarshe ba.

Aku ya tashi daga gidan a ƙarshen wannan shekarar. Da safe ne, an ɗaure katifarsa da fasasshen madubin a bayan amalanke. Ya zo bakin ƙofarta ya durƙusa a daidai inda ya taɓa durƙusawa da reza da biro, ya ajiye batir guda huɗu a kan dandamali. Tana ciki tana lazimi, labule a sake. Bai ari muryar kowa ba, don haka maganar ta ɗauke shi lokaci, ita kuma ba ta ƙarasa masa ba.

"Gwa-gwaggo, ban ce ki ya-yafe ba. Abu ɗaya nake ro-roƙo. Ina tasha, wa-wajen masu magani. Du-duk ranar da kika kunna, kika ji shi ne, ba-ba ni ba, ki aiko a gaya min."